Baba Zakari Rewaya da Kunkurun Marigayi Matthew

Duk wanda ya saba bin layin 'yan gareji na Makera da sassafe ya san kukan ƙofar kwano ta rumfar Malam Zakariyya'u. Shekara da shekaru maƙwabta na roƙonsa ya ɗiga mata baƙin mai, shi kuwa ya ce a bar ta, ita ke sanar da unguwa cewa yana nan da ransa. Daga masallaci yake zarcewa wurin Jummai mai ƙosai, ya karɓi nasa, ya tsokane ta cewa ƙosanta na ramewa ita tana ƙiba, sannan ya zo ya share gaban rumfa. Ya shimfiɗa buhu, ya jera filaya da sukundireba da salatif, da 'yar fitilar gwajinsa, wadda ba komai ba ce illa ƙwan sigina da ya ɗaura wa waya biyu tun zamanin da jiniyar masaƙun Kakuri ke tada mutane daga barci. Ba mai kiransa da cikakken suna. Baba Zakari Rewaya, haka kowa ya san shi, daga direbobin bas har matan kasuwa.

Aikinsa wutar mota: fitila ta ƙi kamawa, hon ya shaƙe, batir na zubar da caji, a murɗa makulli mota ta yi gum. Mutum ne mai fara'a, amma akwai abu guda da ke tada masa jijiyar wuya, wato ya buɗe mota ya tarar an naɗe fiyus da waya ko takardar sigari don kada ya sake ƙonewa. Monday, wani direban bas da ke jigila zuwa Gonin Gora, har yau yana ba da labarin ranar da Baba ya zare makullin motarsa ya jefa aljihu, fasinja cike suna ta surutu, ya ce ba inda za a je sai an gano abin da ke cin fiyus ɗin. Da aka bi waya, sai ga ta a saɓule tana gogar ƙarfe dab da tankin mai. Monday ya ce ranar ya zagi Baba a zuci har ya gaji, da yamma kuma ya kai masa rake.

Kai ne, Baba Zakari, ka fi son a tafi ana jin haushinka da a tafi da wuta a ƙarƙashin kujera. Mai yatsun da ke jin ciwon waya, mun shaida.

To, bana idanu suka fara cewa sun gaji. Yanar ido ta rufe na dama, na hagu kuma hazo-hazo. Ga mai aikin waya wannan ba ƙaramin abu ba ne, don rabin sana'ar launi ce: ja, baƙa, ruwan ƙasa, duk sun fara koma masa abu guda. 'Yarsa Maryam ta kafa masa tsiya har ya amince cewa ƙarshen shekara zai rufe rumfa a je a yi masa aikin ido. Ya riga ya fara sallamar kwastomominsa sa'ad da Maman Sunday ta sauko daga Keke mai ƙafa uku a bakin garejin, tana dafa gwiwa.

Sunanta Celina, matar marigayi Matthew, wanda ya yi aiki a masaƙa har aka rufe ta. Matthew abokin Baba ne tun suna samari. Shi ne mai koriyar kunkurun nan, 'yar motar Jamus mai inji a baya, wadda duk tsofaffin unguwarsu Trikania ke tunawa. A wancan zamanin, ranar Lahadi ita ke kai iyalin Matthew coci, ranar Sallah kuwa a aro ta a loda 'ya'yan Baba Zakari yawon gaisuwa, ba wanda ya taɓa ganin abin a matsayin labari. Tun da Matthew ya rasu take fake gindin mangwaro a tsakar gida, tayoyi sun nutse, kaji na ƙwai a cikinta.

"Malam Zakari," in ji Celina bayan sun gaisa, "Vicky jikata za ta yi aure a Disamba. Sunday ya ce wurin da motar take nan za a kafa rumfar baƙi. Wai in ba ta tashi ta fita da ƙafarta ba, 'yan gwangwan zai kira su yanka ta."

"Su yanka ta? Motar Matthew?"

"Ni dai ba ni da bakin hana shi, shi ke riƙe da gidan. Amma duk kayan mutumin nan an raba, har takalmansa. Ita kaɗai ta rage mini. In na leƙa da safe na gan ta, sai in ji kamar yana ɗaki bai fito ba tukuna."

Baba ya san halin idonsa, ya kuma san abin da ɓeraye ke yi wa motar da ta shekara goma sha a ajiye. Gaskiya tsoro ya kama shi, tsoron kada aikinsa na ƙarshe ya zama shi ne wanda ya gagare shi. Amma sai ya ji bakinsa na cewa, "Maman Sunday, a jawo ta."

Da igiya aka jawo ta Makera, mutane na dariya a hanya. Sam, makanikin da ke maƙwabtaka da shi, ya ɗauki inji. Mai fenti da mai kushin suka ɗauki nasu. Waya kuwa, abin da Baba ya tarar ya fi ƙarfin faci, ɓeraye sun yi biki da ita tun daga fitilun gaba har injin baya. Sai ya zare ta kakaf ya soma sabon zubi. Kowace waya sai ya fita rana ya kai ta dab da idonsa na hagu ya tabbatar da launinta, sannan ya ƙulla mata alama a baki: wannan ƙulli guda, waccan biyu, wata ya naɗa mata salatif. Idan ya kwanta ƙarƙashin sitiyari, inda ko mai lafiyar ido sai da tocila, yatsu ne ke karanta masa. Yana yi yana hira da motar kamar da mai ita. "Matthew, wannan haɗin naka ne, na gane hannunka. Sau nawa na ce ka daina taɓa mini aiki?" Sam ya ce wani lokaci sai ya ji dariya daga ƙarƙashin mota, wani lokaci kuma ya ji shiru mai tsawo, sai ya ja jiki ya ba shi wuri.

Ranar da ta tashi, duk layin ya fito. Wannan karkarwar injin baya da kunne ya manta, sai ga ta tana cika Makera, har wani tsohon tela ya bar kekensa ya fito da awo a wuya. Fitilu suka kama, sigina ta ƙifta, hon ya yi 'yar siririyar muryarsa ta da. Sam ya zagaya da ita har Kakuri ya dawo lafiya lau.

Aka aika wa iyali. Sunday ya zo da uwarsa da amarya Vicky, ya karɓi makulli yana murmushin wanda aka kayar amma bai ji zafi ba. Suka shiga suka tafi, Baba yana tsaye bakin rumfa yana bin ƙarar da kunne, don daga nesa ba ya ganin komai sai wani koren abu. Ba su kai bakin titi ba, motar ta faɗa wani rami, ta yi tari, ta mutu, ƙauri ya tashi. Suka fito a guje.

Baba ya kwana biyu yana bin wayarsa ɗaya bayan ɗaya. Bai sami komai ba. Sam ya sake fita da ita, har da gangan yake afka wa ramuka, ko gezau. Aka sake kiran iyali, suka sake shiga, aka sake yin abin da aka yi, wannan karon har da ɗan hayaƙi. Nan fa baki ya buɗe a layi. Wasu suka ce mai motar ne bai yarda ba, wasu suka ce abin da ya daɗe gindin bishiya ba ya rasa masu shi. Waɗanda suka fi kowa tausayi su ne suka fi yi wa Baba ciwo, masu cewa a hankali, "Ido ne, Allah sarki." Shi ma a ransa abin da yake zargi ke nan.

"Baba, abeg, kun yi ƙoƙari," in ji Sunday. "Amma ba zan sa amarya cikin motar da ke hayaƙi ba. Biki saura mako, kuma ba ni da wurin ajiye ta."

Ba wanda zai ga laifinsa. Celina na zaune kan bencin rumfa, ta zuba wa motar ido. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ku bar wahalar da Malam. Ni na lura. Sam ya hau, lafiya. Sunday ya zagaya shi kaɗai, lafiya. Sai na shiga take mutuwa. Ni ce ba ta so. Sunday, kira mutanen naka."

Maganar ta soki Baba, don ya ji yadda ta fito. Matar nan ba mota take nufi ba, mai motar take nufi. Ya matso kusa da bencin.

"Maman Sunday, da kika shiga, ina kika zauna?"

Sunday ne ya amsa, har da ɗan jin haushi. "Haba Baba, ina za ta zauna? Ona kona mana, wurin zaman manya, baya ta dama. Zan bar uwata a gaba kamar kwandasta?"

Baba ya lallaba ya buɗe ƙofa, ya ɗaga kujerar baya. A irin wannan mota batir ba ya gaba, ba ya wurin inji, a nan yake kwance ƙarƙashin kujerar baya, daidai wurin da muke ajiye manya don girmamawa. Ya shafa cikin kujerar da tafin hannu har yatsarsa ta tsaya kan wani ƙarfen sifirin na kujerar da ya yi ƙurji-ƙurji, wuta ta lashe shi. Maman Sunday kuwa, Allah ya yi mata jiki, ba a cewa komai. Tana zama kujera ta lotsa, ana faɗawa rami ƙarfen ya sauka kan batir. Sai a lokacin Baba ya tuna da wani yankin tsohon tub na taya da Matthew ke rufe batirin da shi. Wajen wanke mota aka haɗa da sheƙar ɓeraye aka zubar, shi kuma idonsa bai nuna masa babu shi ba.

Ya yi dariya har da hawaye, irin dariyar wanda aka sauke wa kaya. Ya yanko roba mai kauri ya rufe kan batirin, ya ɗaure tam, ya mayar da kujera, ya sa Sam da mai fenti suka zauna a kai suna tsalle kamar yara. Ko ƙyas.

"Ba ƙin ki take ba," ya ce wa Celina. "Girman da ɗanki ya ba ki ne ya yi mata nauyi. Yanzu ko buhun masara aka ɗora ba abin da zai faru. Amma in tambaye ki, duk zamanku da Matthew, kin taɓa zama a baya?"

Ta girgiza kai. "Ko sau ɗaya. Cewa yake shi ba direbana ba ne, mijina ne."

"To, koma wurinki."

Ranar bikin, mutanen Trikania sun ga koriyar kunkuru ta fito daga gidan Matthew da ƙafarta, an ɗaura mata ribon. Amarya da ƙawarta a baya, farar riga ta cika tagogi. Sunday na tuƙi, ya sa hannu guda a taga yadda ubansa ke yi, ba tare da ya sani ba. A gefensa Celina ce, ta sha ɗauri, ta dafa dashbod da hannu. Waɗanda ke kusa sun ce tun daga ƙofar gida har bakin coci ba ta kalli hanya ba, gefen direba take kallo, hawaye na zuba tana murmushi. Baba Zakari na tsaye bakin titi da farar hularsa, Maryam na riƙe da hannunsa tana gaya masa abin da ke wucewa. Da ƙarar injin ta matso ya ce ta yi shiru, wannan ba sai an gaya masa ba.

A makon nan ya rufe rumfa. Sam ya gaji filaya da fitilar gwaji, layin kuma ya yi wani irin fayau da safe.

Baba Zakari, kai ne ka ƙi cewa "ba ta gyaruwa" ranar da kowa zai yi maka uzuri in ka faɗa. Kai ne ka saurari maganar tsohuwa a lokacin da saura ke sauraren inji. Mun gode, a madadin direbobin da ka ɓata wa rai ka tsare musu rai, da yaran da suka isa gida cikin motocin da ba su san hannunka ya bi ta kansu ba. Allah ya sa a yi aikin ido a sa'a, ya ba ka ladan abin da ba mu iya biya ba.

Masu sana'ar hannu da ke tasowa, ga wanda za ku duba. Ku kuma sauran jama'a, in kun bi ta Makera ku tambayi gidansa, ku shiga ku gaishe shi tun yana jin muryarku. In kuka je ranar Lahadi da yamma, wataƙila ku tarar da koriyar mota fake a ƙofar gidan, don Celina ta ce muddin tana da rai, duk mako sai an kawo ta gaida Malam, kuma a kujerar gaba.