Bencin Mbah Sutirah

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Mbah Sutirah, tsohuwa mai shagon kofi a bakin kasuwar Klaten.

Mbah, ni ce Laras, wadda ke ɓuya bayan tulin kofunanki da littafin soyayya. Ba ki taɓa tona ni ba. Iyakarki ki miƙo mini soyayyen rogo ki ce, "Ci, yarinya, saurayin littafi ba ya ciyar da kowa."

A shagonki 'yan jam'iyyar Baba ke taruwa. Tutarsu ɗaya, bakinsu biyu. Baba da tsofaffin abokansa sun ce 'yanci shi ne hukuma ta cire hannunta daga kasuwa da rayuwar mutane. Yaya Danang da matasa sun ce wannan 'yancin masu ƙoshi ne, ci gaba shi ne hukuma ta tsaya wa matan masaƙa a kan albashinsu. Yaya ya kira Baba dillalin masu kuɗi, Baba ya kira shi akun jami'a. Suka daina cin abinci tare. Na ga jakar Yaya a ɗaure bayan ƙofa, yana shirin barin gida.

Ke kuwa benci ɗaya gare ki, dogo, ƙafafunsa can tsakiya. Kullum ki ajiye kofin Baba a wannan baki, na Yaya a wancan. Duk wanda ya miƙe cikin fushi, ɗayan sai ƙasa. Sau nawa aka roƙe ki ki sayi kujeru, kika ce ba ki ji ba? Ba ki taɓa faɗin wanda ya fi gaskiya ba. A littattafaina kalma ɗaya ke shirya masu faɗa. Ke katako kika sa.

Ranar addu'ar uku aka fito da bencin ƙofar gidanki. Baba da Yaya suka zauna inda suka saba. Gardamar albashi ta taso, Yaya ya yunƙura zai tashi. Baba bai dube shi ba, ya ce, "Zauna, ɗan nan. Kayar da ni za ka yi a gaban mutane?"

Ya koma ya zauna. Har yau ba su yarda da juna ba, amma jakar ta bar bayan ƙofa.

Allah Ya jiƙan ki, Mbah, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki Bu Warsini da jikokinki, Allah Ya ba ku haƙuri. Roƙona ɗaya: kada ku sayi kujeru.