Wutar Iya Gambo

Ban taɓa mantawa da ranar da na ɗauko wuta a kasko daga unguwar Treichville har nan unguwar Adjamé da ƙafata ba. Ke Safiya da ke Mariya, tun da kuka fara aiki bana kuke tambayata abin da ya sa nake masifa a kan ɗan kaskon garwashin nan na bakin ƙofa, alhali ga murhun gas har uku a ciki. To ku zauna ku ji. Wadda ta yi dariya kafin in kai wurin dariya, ita za ta kankare tukunyar tuwo.

Kun san gidan abincin nan na shiyyar Bromakoté na Gwaggo Hajara ne, ƙanwar babana, kuma 'yan kasuwar Adjamé muke ciyarwa. Aikinsa hawa-hawa ne. Sabuwar yarinya da wanke-wanke take farawa. In ta daɗe ba ta ɓatar da cokali ba, sai ta koma kai abinci rumfunan 'yan atamfa da 'yan goro. Daga nan gyaran kayan miya, sai tuƙin tuwo, sai zuba abinci, wanda Gwaggo ba ta ba kowa ludayinsa. Amma a da akwai matsayin da ko Gwaggo ba ta taka shi, wato mai wuta. Wannan na Iya Gambo ne.

Iya Gambo mutuniyar Konni ce, tsohuwa 'yar siririya mai hannu kamar fatar ganga. Da yatsu take ɗaukar garwashi, ta jujjuya shi kamar mai zaɓen tumatir. Ba ta taɓa ƙyasta ashana a wurin nan ba. Bayan la'asar, in an sauke tukunyar ƙarshe, sai ta zaɓi garwashi uku manya, ta tara su a tsakiyar murhu, ta lulluɓe su da toka mai ɗumi, ta bar musu ɗan hancin da za su yi numfashi, ta kifa tsohon kwano mai huji. Da asuba ta tone, ta hura sau uku, wuta ta tashi. Takan ce tun ranar da Gwaggo ta taso daga Treichville, kafin a haife ni, ita Iya ta ɗebo wutar daga murhun ƙawarta Hajjo mai ƙosai, kuma tun daga ranar ba ta mutu ba.

Layin nan gaba ɗaya daga murhunmu yake ɗibar wuta. Malam Idi tela yakan zo da dutsen gugarsa a buɗe kamar bakin kada. Mai shayi ya zo da gwangwani, matan gidan sama su zo da kaskon turare. Ba wanda ke biya, amma ba wanda ke zuwa da baki a rufe. Wa ya haihu, wa ya dawo daga gida, motar wa ta maƙale a kan iyaka, duk a gaban Iya ake sauke su tun rana ba ta fito ba.

Ni kuwa a lokacin shekarata goma sha biyar, ina matakin wanke-wanke, kuma ba abin da na tsana a duniya kamar gawayi. Ku ba ku san baƙin tukunya ba. Ina kankarewa da yashi har farcena ya gudu ya bar ni. In na koma gida na fyace hanci, abin da ke fitowa ya isa a rubuta allo. Da damina kuma buhun gawayi yakan iso a jiƙe, mu yi ta fifita, hayaƙi ya cika wuri, mai cin tuwo yana kuka kamar an yi masa rasuwa. Mai kawo mana gawayin ma kullum cewa yake daji na ƙara nisa da gari.

Saboda haka na buɗe wa Gwaggo yaƙi. Duk sanda ta wuce sai in kama tarin ƙarya, irin wanda akuyar maƙwabta ke amsawa. In ce, "Gwaggo, gidan abincin bakin titi fa sun sa gas. Tukwanensu har kwalli ake sawa a jikinsu."

Ta ce, "Ke kuma madubi kika zo nema ko aiki?"

Ba tarina ne ya ci ta ba. Na Iya ne, wanda ba na ƙarya ba. Da aka kai ta asibiti likita ya ce ƙirjinta ya sha hayaƙin da ya ishe shi. A makon nan Gwaggo ta sayo murhun gas da tulunsa.

Wata Litinin ce a farkon damina aka kawo su a amalanke. Mutumin da ya haɗa mana ya tara mu ya yi mana karatu: a shafa kumfar sabulu a bakin tiyo don a ga ko yana yoyo, in za a tashi a fara rufe kan tulu, in an ji wari kada a ƙyasta komai. Daga ƙarshe ya nuna tsohon murhu ya ce kada garwashi ya kusanci wurin nan.

Ni dai wannan ta ƙarshen kaɗai na ji. Iya ta zagaya alwala. Na ɗauki bahon ruwan wanke-wanke, na tsaya a kan murhun kamar sarauniyar da ta ci yaƙi, na sheƙa masa.

Cuuu! Tururi ya tashi da toka har rufi.

Iya ta dawo da butarta a hannu. Ta dubi murhun, ta dube ni. Na shirya wa zagi, na ma shirya wa muciya. Sai kawai ta tsuguna, ta sa yatsa cikin caɓin tana laluben ko ɗaya ya tsira.

Ta ce, "Balki, mi kinka yi?"

Na ce, "Iya, mai gas ne ya ce..."

Ta ce, "Da kin bari in kai ta bakin ƙofa. Wutar gida ba a kashe ta da ruwa, ɗiyata. Rufe ta akai."

Ta miƙe ta wanke hannunta da ruwan butar.

Gaskiya gas ya yi mana rana, ba zan ci amanarsa ba. Ka murɗa, ya kama. Ruwan sama bai dame shi ba. Tukwane suka yi fes, farcena ya dawo gida, tarin Iya ya lafa. Amma shi ma da halinsa. Ba ya sallama in zai ƙare; kina tsakiyar tuƙi sai ki ga ya ɗauke kamar baƙon da ya ji an ambaci aiki. Wani lokaci a zaga Adjamé kaf ba tulu ko ɗaya, wai direbobin woro-woro, ƙananan tasin nan na haɗaka, sun kwashe suna zuba wa motocinsu don ya fi man fetur araha. Sannan ba a ɗibarsa a cokali. Washegari Malam Idi ya zo da dutsen gugarsa, ya leƙa, ya ga shuɗiyar wuta, ya ce, "To wannan ta ina ake kama ta?" Ya juya. Mai shayi ya daina zuwa, matan gidan sama ma haka. Asubarmu ta yi tsit, ba ka jin komai sai hucin gas.

Iya aka ba ta tsintar shinkafa. Tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, tire a cinya, amma idonta na wurin da murhu yake a da. Bayan sati uku ta ce wa Gwaggo ta yi magana da masu motar goro, ranar Asabar za ta bi su gida.

Ni kuwa ban so tafiyar nan ba. Iya ce ke ɓoye mini ƙanzo. Ita ce ke cewa "ni na aike ta" duk ranar da na tsaya kallon faɗa a kasuwa. Na ce a raina, ni na kashe wutar nan, ni zan dawo da ita, in ta ga wutarta ba za ta tafi ba.

Ranar Alhamis da safe aka ba ni kwanukan 'yan goro. Na kai, na ɓoye tiren a rumfar wani, na shiga bas sai Treichville, da kasko a ƙunshe cikin zane. Na yi ta tambaya har na samu Hajjo mai ƙosai a bayan wani masallaci, tsohuwa mai ƙiba, tana gaban murhunta. Na gaya mata komai.

Ta ce, "Da ruwa? Ruwan wanke-wanke?"

Na ce, "E, Inna."

Ta ce, "Allah ya shirye ki. Miƙo kaskon." Ta zuba toka a ƙasa, ta ɗora garwashi huɗu, ta ba ni guntayen gawayi a leda. "In ta yi fari ki ƙara mata. Ki ce wa Gambo ina gaishe ta, ita da ba ta zumunci."

Dawowa ce ta zama aiki. Mai karɓar tikitin bas ya hango hayaƙi ya rufe ƙofa tun ban iso ba. Na tsaida woro-woro, na lulluɓe kaskon da gefen zane, na shige baya kamar mutuniyar kirki. Ba mu yi nisa ba wata mata ta ce tana jin ƙauri. Direba ya waiwayo, ya ga hayaƙi na fitowa daga cinyata. Wallahi ban taɓa ganin babban mutum ya fita ta taga da saurin nan ba.

Yana ihu, "Petite, tu es folle? Ke yarinya, kin haukace? Gas ne a bayan motar! Tulu guda, a bayan kujerarki!"

Kafin in buɗe ƙofa fasinjoji sun kai Bamako. Matar nan ta bar takalminta ɗaya. Aka sauke ni da zagi cikin harsuna huɗu, biyu ma ban san su ba.

Sai ƙafa. Na hau gada, iskar lagun, babban ruwan nan da ke ƙarƙashinta, tana hura garwashin yana ci kamar ba gobe. In na tare iska da jikina zane ya yi zafi, in na matsa wuta ta cinye gawayi. Na ratsa Plateau, unguwar ofisoshi, masu kwat da jaka suna ratse mini kamar mahaukaciya. Wani ɗan sanda ya tambaye ni me na ɗauko, na ce maganin kakata ne, kuma ban yi ƙarya sosai ba. Da na doshi Adjamé aka fara yayyafi. Na cire ɗankwalina na yi wa kaskon rumfa, ni ruwa na dukana. Gawayin leda ya ƙare. Cikin huɗun nan ɗaya ya rage, bai fi ƙwayar goro ba.

Na iso bayan azahar, kaina ba ɗankwali, fuska duk toka. Gwaggo na bakin ƙofa da ludayi.

"Ina tirena? Ina kika shiga tun safe, 'yar banza?"

Na wuce na durƙusa gaban Iya na ajiye kaskon. Na ce, "Daga murhun Inna Hajjo. Ta ce ba kya zumunci."

Iya ta ajiye tiren shinkafa. Ta tone tokar da yatsa, ta samu ɗan garwashin, ta ɗora masa ɓawon kwakwa da gawayi biyu da mai shayi, wanda ya biyo ni kallo, ya miƙo, ta hura sau uku. Ya kama. Ta dube shi ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Na ce, "To yanzu kin fasa tafiya ko?"

Ta ce, "Wa ya ce miki don wuta za ni? Ƙirjin nan ya gaji, Balki. Ina son in ga jikokina da idona. Da ma abin da ya riƙe ni, ban ga wanda zan bar wa ita ba. Kullum in duba, in ga ku duka ashana gare ku." Ta kama hannuna ta duba inda kaskon ya ƙona ni. "Matso in nuna miki."

A ranar, bayan la'asar, ta koya mini rufe wuta a bakin ƙofa, nesa da tulun gas. Sau uku ina toshe hancin tana sa ni in sake. Gwaggo kuwa ta ƙara mini wata biyu a wanke-wanke saboda tirenta, wanda har yau ba a gan shi ba.

Ranar Asabar Iya ta tafi. Na raka ta tasha, ta hau gaban motar goro da ƙullin kayanta, ta ce kada in yi kuka in ja mata ido. Na yi, har da majina. Shekara biyu ke nan. Ba ta da waya. Saƙonta sai ta bakin direbobi, kuma ba ya wuce tambaya ɗaya: wutar tana nan? In ce su ce mata tana nan. Wani lokaci da asuba in ina hurawa sai in ji kamar za ta ce daga bayana, "A hankali, ba kakaki kike busa ba." In waiwaya, ba kowa sai buhun shinkafa.

Abin da na koya a aikin nan shi ne, kowace wuta da abin da take ci. Gawayi ya ci ƙirjin Iya, yana kuma cin daji. Gas ya bar mana ƙirjinmu, amma ya kusa cinye mana maƙwabta, kuma ranar da ya ɓace a gari, kaskon nan ne ke fitar da mu kunyar 'yan kasuwa. Ban ce ku koma wa baƙin tukunya ba, Allah ya kiyaye, ni na san shi. Amma in sabon abu ya shigo wurin aiki, kafin ki ɗauki baho, ki tambayi wadda ta riga ki zuwa.

Ga Malam Idi can ya ɗebi wutar gugar yamma ya tafi. Safiya, rufe kan tulu. Mariya, kawo toka, mai ɗumin. A hankali, ba kabari kike rufewa ba. Bar mata ɗan hanci. Jibi motar goro za ta iso, kuma za a tambaye ni.