Sassaƙen Ƙuryar Ɗakin Kawu

Ni ba mai yawan magana ba ne, ban kuma iya ƙawata zance ba. Abin da ya same ni zan faɗa muku, wanda ya yarda ya yarda, wanda bai yarda ba shi ya sani. Amma wallahi tallahi ya faru, a Gwandu, cikin alif ɗari tara da hamsin da wani abu, lokacin Bature bai tafi ba tukuna.

Ni mutumin Kalgo ne, sassaƙa ce sana'ata: turmi, taɓarya, akushi, ƙota, kujerar mata. Wata shekara ciwo ya shigo gari ya ɗauke mini mata da 'ya'ya, damina ta gaba ruwa ya cinye gidan. Na kwana a zauren mutane, na kwana a rumfar kasuwa, ban dai mutu ba. Ina cikin wannan hali aka aiko cewa Kawu Ummaru, wan uwata, ya rasu a Gwandu, bai bar ɗa namiji ba, ga ɗakin sassaƙarsa ga kayan aiki, ga matarsa Inna Kulu ba mai ci da ita. Na rataya gizagona na kama hanya. Abin da na mallaka a duniya ke nan, gizagon da hannun da ke riƙe shi.

Na tarar Inna Kulu ta fita takaba ta tafi Maruda wurin danginta ta ɗan huta, ta bar sallahu wurin maƙwabta cewa in na zo in shiga. Na shiga.

Ɗakin yana jikin zaure, na laka, mai ƙofa ɗaya. Kai! Ban san yadda Kawu ya yi aiki a ciki ba. Rufi yana yoyo, gara ta cinye azara, itatuwa a hargitse, kirya a kan aduwa, aduwa a kan maɗaci, gatura a ƙasa sun yi tsatsa, ga duhu kamar rumbu. Kaka ta matso, lokacin da manoma ke sayen turmi da akushi, ni kuwa na san in kakar nan ta wuce mu ba mu sayar da komai ba, ni da tsohuwa sai bara. Sai na tuɓe riga. Na sauke rufin na sa sabuwar azara, na yaɓe bango, na huda taga ta gabas don haske, na yi daɓe, na kakkafa turaku a bango na rataye kowane ƙarfe a wurinsa, gatura nan, gizago nan, zarto can. Itatuwa na ware su, kirya ta turmi gefe guda, aduwa ta allo gefe guda, masu taushi a bakin ƙofa.

Saura ƙurya ɗaya, ta arewa. A nan akwai tulin sassaƙe, wato guntayen da gatari ke ɗebowa daga jikin bishiya, kowanne bai wuce tafin hannu ba, an jera su a kan wani faifan dutse har sun kai ƙuguna. Na ƙasa sun yi baƙi don tsufa. Na dai lura an jera su da kyau, ba zubarwa aka yi ba, amma na ce a raina tsoho ne da tarkace. Mu a wurin wanda ya koya mini aiki, sassaƙe makamashi ne. Na kwashe su cikin kwando na kai wa wata mai tuyar masa a unguwar, 'Yar Ceberu ake ce mata. Na share ƙuryar tas, na tsaya na dubi ɗakin, har na ji daɗi. Rabona da jin daɗi an jima.

Washegari sai ga 'Yar Ceberu a ƙofa, ido ya yi ja.

Ta ce, "Kai Bakalge, mi nai maka? Itace ka kawo min ko mugunta? Hayaƙi ɗai shikai, masata ta ƙi tashi, yara na ta yi min dariya."

Na ce, "Ƙullunki dai."

Ta ce, "Ƙulluna ya girme ka! Kaɗan nis sa, sauran na watsa kududdufi. Kar ka ƙara."

Ta tafi, na koma kan aikina.

To, ranar ce abin ya fara. Rana ta take tsaka, gari ya yi tsit, ina zaune ina rarake turmi, sai na ji takun ƙafafu a bayana. Ba mutum ɗaya ba. Kun san yadda mutane ke yi a bakin gulbi in suna jiran jirgi, ba wurin zama, wannan ya gusa, wancan ya sake ƙafa, wani ya ja numfashi? Haka. Na waiwaya, ba kowa, sai hasken taga a kan sabon daɓe. Na ci gaba, aka ci gaba. Na matsar da kujerata kusa da ƙofa, na ji an matso. Na koma tsakiya, na ji kamar na tare wa wani hanya. Sai da aka kira azahar sannan ɗakin ya lafa.

Kullum haka, da rana ta take. Kuma abin bai tsaya a kunne ba. Zan rataye gatari a turkensa, in fita shan ruwa, in dawo in same shi a ƙasa. Gungumen kirya da na tokare da dutse ya mirgino tsakar ɗaki. Ni kaina na kasa zama. In na zauna sai in miƙe, in je ƙofa, in dawo, in ɗauki zarto in ajiye, in fita zaure, in sake dawowa, kamar an sa mini garwashi a tabarma. Tuwo ma a tsaye nake ci. Maƙwabta suka fara kallona.

Sai hannuna na dama. Da fari ƙaiƙayi a kan yatsu, sai rawa, sai ya fara mutuwa. In na kai sara, gizago ya kauce. Turmin da na kusa gamawa na tsaga shi gida biyu, na ɗauko wani shi ma haka. Ni da tun ina yaro ban taɓa ɓata turmi ba! Mutuwar ta bar yatsu ta kama tafi, ta kai wuyan hannu, tana hawa. Na je wurin wanzami ya yi mini ƙaho. Na je wurin malamin unguwa ya ba ni rubutu na sha, ya ce in yawaita neman tsari, na yi, na kan sami sauƙi zuwa hantsi, rana na takewa a dawo. Ga gero ya fara shigowa gari, mutane na leƙowa suna tambayar turmi, ina cewa a dawo.

A haka Inna Kulu ta dawo daga Maruda. Tsohuwa ce gajera, ba ta da wasa. Na kai ta ta ga gyara. Ta dubi rufi ta ce madalla, ta dubi taga ta ce madalla, ta juya arewa sai ta dafe bango.

Ta ce, "Ɗan nan, ina mutanen ƙuryag ga?"

Na ce, "Waɗanne mutane, Inna?"

Ta ce, "Sassaƙen! Ina kak kai su?"

Na faɗa mata. Ta yi salati ta zauna a ƙasa. Ta ce tun tana amarya, duk bishiyar da Kawu zai sare sai ya yi mata sallama, ya kai sara ɗaya, ya ɗauke guntun da ya fito ya sa a aljihu, ya zo ya ajiye a ƙuryar nan. Ya kan ce duk bishiya da mai ita, in ka rushe wa mutum gida sai ka ba shi masauki. Ita ba ta taɓa sa tsintsiya a wurin ba. Ta ga hannuna yana lilo, ta ce, "Ni ban san gyaran wanga ba. Tai Diggi wurin Labbo, tare sunka koyi aiki da kawunka. In shina da rai."

Na ari jaki na koma ƙasarmu. Ko a kan jakin ban iya zama ba, in hau, in sauka, in ja shi, in sake hawa, har na kai Kalgo na wuce Diggi. Na sami Baba Labbo a gindin bango yana gyaran ƙota, ido ɗaya ya tafi, haƙora sun ƙare. Na gaishe shi na zayyana masa. Ya yi dariya har da tari.

Ya ce, "Wato kai mai tsabta. Ummaru ƙazami, kai ka zo ka gyara mai ɗaki."

Na ce, "Baba, ban sani ba."

Ya ce, "Ai na gani. Wa yak koya maka aiki? Bari, kar ka faɗi, Allah shi jiƙan shi in ya mutu." Sai ya daina dariya, ya kafe ni da idon nan ɗaya. "An ce ruwa ya ci gidanka. Da kak kwana kasuwa, barci kakai?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To su ma."

Ya ce in shiga daji in nemi kiryar da iska ta kayar da kanta, in ɗauki guntun da ya karye, kar ƙarfe ya taɓa shi, in kai ƙuryar da rana tsaka, in yi sallama in ce ga wuri, in fita kar in waiwaya. Na ce masa ni fa Musulmi ne, ina tsoron abin da zai taɓa mini addini. Ya ce, "Yanka nic ce ka yi? Ko roƙo? Halittar Allah ce kamar kai, maƙwabtanka na. Ka kore su, ka maishe su. Tashi ka ba ni wuri, kana ta rawa kamar mai jin fitsari."

Na sha yawo a dajin kafin in samu. Guntu ne kamar tsawon kamu biyu, da ɓawonsa. Da hannun hagu da gwiwa na ɗora shi kan jaki, don lokacin na daman ya mutu har gwiwar hannu.

Na iso Gwandu da hantsi, na jira a zaure, Inna Kulu na zaune da tasbaha. Da inuwa ta shige ƙarƙashin bango na rungumi gungumen na shiga. Jama'a, ɗakin a cike yake. Ban ga kowa ba, amma sai da na riƙa ratsawa kamar mai shiga kasuwa, ana gogar kafaɗata. Na dire shi a kan faifan dutsen. Na ce, "Salamu alaikum. Ban sani ba. Ga wuri." Na juya.

Wallahi ina tafiya zuwa ƙofa ana wuce ni, ta dama ta hagu, iska mai sanyi tana kaɗa mini riga, a bayana kuwa gungumen nan yana ƙara, ƙiƙ, ƙiƙ, kamar gadon kara in mutane da yawa sun hau. Ban waiwaya ba. Na fito zaure na zauna kusa da tsohuwa, sai da aka kira la'asar na gane tun ɗazu a zaune nake, ban motsa ba.

Hannun ya dawo a hankali, daga sama zuwa ƙasa. Kafin kaka ta ƙare na sassaƙa abin da ya ci da mu, ni da Inna Kulu, muka ci gaba da zama tare har Allah ya karɓi ranta a gidan. Amma ƙaramin yatsa da na kusa da shi ba su dawo ba, har yau ko wuta na taɓa da su ba na ji. Me ya sa su kaɗai, ban sani ba, ban kuma koma Diggi na tambaya ba.

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin lafiya, har na fara cewa a raina ko zazzaɓi ne ya ruɗa ni a wancan lokaci. Sai wata rana, da rana tsaka, wata Bafillatana mai tallar nono, baƙuwa, ban taɓa ganinta ba, ta tsaya a ƙofa tana son akushi. Ni kaɗai ne a ciki. Ta yi sallama na amsa, na ce ta shigo ta zaɓa. Ta sa ƙafa ɗaya, ta dubi ƙuryar arewa, sai ta rusuna ta gaida wurin, ta ja da baya.

Ta ce, "A'a, maigida, ka yi baƙi da yawa. Sai sun tashi in dawo."

Ba ta dawo ba.

Shawarata gare ku ɗaya ce. In kun gaji wurin aikin wani, ɗaki ne ko rumfa ko maƙera, kuka ga abin da aka jera da kyau ba ku san amfaninsa ba, ku ajiye tsintsiya. Ku nemi tsohon da ya san mai wurin ku tambaya tukuna. In ba ku sami kowa ba, ku bar shi yadda kuka same shi.