Yayata da Garin Karaya

Shekara ashirin da biyu yayata ta yi tana aikin jinya a ɗakin masu karaya, kuma a duk waɗanda aka kawo mata babu ko ɗaya da zaki ya kama. Daga rami, sai tsani, sai ɓawon ayaba. Takan ce ɗan Adam ba ya buƙatar maƙiyi muddin akwai matakalar bene.

A wannan ɗakin ta koyi wasan. Wani malamin lissafi ne aka rataye masa ƙafa wata uku, zaman ya ishe shi, ya sa aka kawo masa wani littafi mai kauri da 'yan ludo, har da mai fuska ashirin. Abin ba wuya. Mutum ɗaya ke ba da labari, sauran kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Ka faɗi abin da jaruminka zai yi, ka jefa ɗan ludo, shi zai yanke ko ka dace ko ka sha ƙasa: babbar lamba sa'a, ƙarama tsautsayi. Ranar da aka sallami malamin, ya bar mata littafin tukuici. Ta karanta rabi, ta ce wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin mai ciwo ba, ta tokare ƙafar teburin falonta da shi.

A kan wannan teburin muke haɗuwa duk Asabar da yamma. Akwai mijinta, tsohon direban bas, wanda ba ya yarda da jarumin da bai kai tsayin ƙofa ba. Akwai Mai Aski na bakin layi, shi boka ne mai jefa wuta. Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu, ta zaɓi ɓarauniya, ta ce gara ta huta da gaskiya sau ɗaya a mako. Ni kuwa, autarsu Yaya, maharbiya ce.

Makonnin farko a daji muka yi su, muna ta girbe dodanni kamar ciyawa, Yaya na hamma. Ranar da muka iso ƙofar birni kuwa sai na ga ta gyara zama, ta ɗora tabarau.

"Na shigo ina taku ɗaiɗai, kowa ya gan ni," in ji mijinta.

"Ina kake kallo, Maigida?"

"Sama mana! Jarumi ne."

"Jefa."

Ya jefa, uku ta fito. Ashe akwai kwalbati buɗe, shara ta lulluɓe bakinsa. Yaya ta yi mana bayani tiryan-tiryan yadda ƙashin cinya ke fita idan mutum ya faɗa da sulke a jikinsa, har Mai Aski ya ajiye kofin shayinsa.

"Haba, ai wannan ba ya faruwa," mijin ya ce.

"Gado na shida, bara waccan. Shi ma sama yake kallo."

Ba ta taɓa faɗin sunan kowa ba, lambar gado kawai. Bokan Mai Aski yana tsakiyar karanta surkulle aka sheƙo masa ruwan wanke-wanke daga bene, har da tukunyar. Gado na biyu. Maharbiyata ta jingina da sabon gini wanda magini ya yi wa rowar siminti. Gado na sha ɗaya. Amalanken ganguna ya tsinke a gangara ya bi ta kan sabon jarumin mijinta, na huɗu ke nan da ya sake. Mu da kanmu muka raɗa wa wurin Garin Karaya. Ɓarauniyar Maman 'Yan Biyu ce kaɗai ba ta taɓa ko ƙwarzanewa ba, don kafin ta taka ko'ina sai ta tambayi me ke ƙasa, me ke sama, wa ke bayanta. Ta ce wanda ya raini tagwaye a gidan haya ba a koya masa wannan.

Wata Asabar maza suka yi bore. Mai Aski ya miƙe ya ce shi fa ya rufe shago ne don ya yi yaƙi da dodo. In kwalbati yake so, akwai ɗaya a ƙofar shagonsa, kyauta.

"Dodo kuke so?" Yaya ta ce. "To, ga dodo."

Kai, ta iya labari in ta ga dama. Rana ta dushe, wani ƙato mai fukafukai ya keto sama yana aman wuta, mutanen gari na ta ihu. Mijinta har ya naɗe hannun riga. Dodon ya yi shawagi sau uku, ya sauka a kan rufin babbar kasuwa.

Yaya ta tsaya. "Af. Wannan rufin gara ta cinye katakonsa."

"Kar ki soma," in ji mijin.

Ta jefa a gabanmu, kowa na gani. Ɗaya. Dodon ya rufta cikin rumfar masu tukwane, ƙugunsa ya goce. Kafin mu ratsa cunkoson 'yan kallo, mahauta sun riga mu, har an fara cinikin namansa.

"Wannan kuma gado na nawa ne?" Mai Aski ya tambaya.

"Na tara. Mai gyaran eriya. Ya fi dodon ƙiba."

Bayan an watse na tsaya taya ta kwashe kofuna, na ce, "Yaya, wai ke ba kya tausayi ne?" Ta ce a wurin aiki mutum zai gaya mata yadda akuya ta ture shi daga kan babur, ita kuwa dole ta haɗiye dariya, don ga ƙashi a waje, ga matarsa na kuka. Shekara da shekaru tana haɗiyewa. A nan kuwa ko wa ya karye, sai ta yi dariyarta ta ba shi sabuwar takarda.

Da mijinta ya kai kan jaruminsa na tara, sai ya ƙi fita gari sam. Ya kama ɗaki a masauki, a ƙasa, nesa da taga, ya zauna a kan tabarma. Asabar uku muna yawonmu, shi in an zo kansa sai ya ce, "Ina zaune." A ta huɗu yunwa ta kama jarumin, ya ce zai tashi ya leƙa kicin.

"Mako uku a zaune, ƙafa ta yi sanyi. Jefa."

Ya hura wa ɗan ludon iska, ya rufe ido, ya jefa. Ashirin cif, wadda bai taɓa samu ba tun da muka fara.

Yaya ta leƙa ta saman tabarau. "Ka miƙe lafiya."

"Shi ke nan?"

"Me kake so kuma? Mutum nawa ke samun haka?"

Yaya ta yi ritaya bana, wasan kuma ya koma sau biyu a mako. Mijin nata har yau in ya je tasha wurin tsofaffin abokan aikinsa sai ya ba su labarin ranar da ya jefa ashirin. Ba ya dai gaya musu abin da ya yi da ita.