Wanda Aka Ɓoye a Rumbu

A gidanmu ni ne dolo. Ba zagi ba ne, kowa ya san haka, har ni kaina. Idan Inna ta aike ni sayen daddawa da kanwa, da ɗaya nake dawowa, in tsaya ina sosa ƙeya. Yayana kuwa, da shekara biyu kacal ya girme ni, amma sau ɗaya yake jin abu ya zauna masa. Ya taɓa ganin garken kawunmu na Udubo sau ɗaya, bayan wata uku da muka koma ya ce saniya mai karyayyen ƙaho ba ta nan. Gaskiyarsa, an sayar da ita.

Shekarar da aka ce kowace unguwa ta Azare ta ba da yara makarantar boko, mai unguwa ya ɗora wa gidanmu yaro ɗaya. A lokacin ba mai ba da ɗan da yake ji da shi. Mutane sun ɗauka duk yaron da ya shiga hannun Nasara ya tafi ke nan, don haka akan duba wanda rashinsa ba zai yi ciwo ba. Baba bai sha wahalar zaɓe ba. Ranar da dogari zai zo, ya jefa yayana cikin rumbun gero ya rufe, ni kuma aka yi mini wanka aka sa mini riga.

Ina jin yayana yana dukan bangon rumbu yana cewa, "Baba, ni ina so. Ku bar ni in je."

Baba ya ce, "Rufe mana baki. Kai ai kana da amfani."

A gabana aka yi wannan magana, kuma har yau ba ta bar cina ba.

A makaranta ma ban sake hali ba. Na sha bulala, na maimaita aji. Amma kullum da la'asar yayana na jirana a bayan gida, ya karɓi littafina. Abin da na yi wata ina fama da shi, cikin kwana biyu yake haɗiye shi, sannan ya juyo ya koya mini. Da kansa na ci jarrabawa, ba da nawa ba. Ranar da Baba ya kama shi yana rubutun boko a ƙasa da tsinke, ya yi masa dukan da sai da ya kwana uku bai zauna ba, sannan ya tura shi Udubo kiwo.

Ni na zama malamin dabbobi na En'e, har da keke. Shi kuwa ya ƙare a bayan shanun mutane. Basirar da ta rasa abin yi sai ta koma tsiya: gardama da liman, gyara wa dattawa zance a bainar jama'a, har aka fara raɗe-raɗin yana da taɓin hankali. Na je wurin babbanmu na ofis na roƙa a ɗauke shi aiki. Ya ce ina takardar gama makaranta? Na juya na fito.

Wata shekara na je Udubo yi wa shanu allura. Yayana yana cikin layi, ya rame, furfura ta fito masa tun kafin lokaci. Ina cika takardar garkensa, na ga leɓɓansa na motsi. Daga can gefen tebur yake karanta ta, a juye, kuma ya riga ni kaiwa ƙarshe.

Na miƙa masa alƙalami na ce, "Yaya, rubuta sunanka. Ai kai ka koya mini."

Ya daɗe yana kallon alƙalamin. Sannan ya ce, "A'a, Malam. Ni ba a buɗe mini rumbun ba tukuna."

Ya tsoma babban yatsansa a tawada ya dangwala, ya goge a rigarsa, ya kora shanunsa. Tun daga ranar har ya rasu, bai ƙara kirana da sunana ba.