Reshen ƙasa na kukar kakanmu

Jiya da hantsi ina gindin tsohuwar kukarmu ta Maruta, amya a kafaɗa, ƙugu ɗaure da rawani. Na ɗaga ƙafa zan taka turken hawa na farko, sai bayana ya ce ban isa ba.

Shekara talatin ina rataya amya a bishiyar nan, ba don sayar da zuma ba, don so kawai. Ramukan da nake kafa turakun hawa ma, kakan kakanmu Jatau ne ya huda su tun kafin zuwan Turawa. Yanzu kuwa ciwon ƙugu ya sa ko ruku'u sai na lallaɓa.

Na zauna a kan saiwa, raina a ɓace. Sai ga Inna Dije, ƙanwar mahaifina, ta dawo daga gona.

Na ce, "Inna, a kaina abin gado zai yanke. Hawan ya fi ƙarfina."

Ta nuna wani reshe daidai kaina da sandarta, ta ce, "Shafa nan."

Na shafa, na ji wani tsohon gurbi, inda igiya ta ci.

Ta ce, "Kakata ta gaya mini nan Jatau ya koma ratayawa da bayansa ya sunkuya. Kai ramukan ƙuruciyarsa kaɗai kake kallo."

Nan na ɗaure amyata, ƙafafuna biyu a ƙasa.

Ashe har wurin tsufa ya bar mana. Ku fa, wane abin so ne ciwo ya sa kuka sauya wa salo, amma ba ku daina ba?