Man Shanun Rabi a Ƙarƙashin Kapo

Ranar Juma'ar farko bayan Sallar Layya, shekarar da nake aji biyar a lekol, Baba ya ɗaga kapon jar motarsa, wato murfin injin, a ƙofar gidanmu da ke Tasawa, ya kira ni da Rabi. Tsohuwar motar tsere ce marar rufi, mai kujera biyu tak, wadda ya saya a hannun magadan wani likita, ya shekara uku yana gyaranta bayan ya taso daga garaji. Abu ɗaya ya rage: wani ƙaramin baƙin akwati da aka kawo masa daga Maraɗi, mai raba wa injin wuta. Zafi ke kashe shi, ruwa ma haka. "Wanda ya samo masa mazauni," in ji Baba, "shi zai zauna kusa da ni ranar da za a kai ta Mayahi."

Na ɗauka kujerar tawa ce. Ni ne na ɗaya a aji, ni ke karanta wa Baba takardun Faransanci. Rabi kuwa ɗiyar ƙanensa ce da aka kawo daga Maijirgi tana taya Inna surfe da ɗibar ruwa, ba ta taɓa riƙe alli ba. Na warware takardar da ta zo da akwatin, na karanta da ƙarfi cewa a ɗaura shi kusa da bobin, abin nan mai ƙara ƙarfin wuta, don kada waya ta yi tsawo, na nuna wurin da yatsa.

Rabi ta leƙa ƙarƙashin kapon. Ta shiga gida ta fito da man shanu a ludayi, ta ɗiga a inda na nuna, ta ɗiga a gaba wajen shigar iska, ta ɗiga can sama a bangon da ya raba injin da mazaunin direba, sannan ta ce, "Baba, tayar da ita." Baba ya jona akwatin na wucin gadi, ya tayar. Kafin injin ya gama ɗumi, man da ke inda na nuna ya narke ya zurare. Na gaba ya jure, amma Baba ya ce a nan ruwan kududdufi zai same shi da damina. Na bangon yana nan a dunƙule. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce mini, "Malam, takardarka a ƙasar sanyi aka rubuta ta."

Na ruga na faɗa wa Inna cewa Rabi ta saci mai. Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Ni na ba ta. Je ka ba awaki dusa."

Da safiyar tafiya Rabi ta ɗaura ɗankwalin salla, ta matsa jikin ƙofa, ta ce, "Yaya, zo mana, wurin zai ɗauke mu." Baba ya jira, injin na ruri. Na ce ina da karatu. Na tsaya bayan zaure ina jin ƙarar har ta ɓace, babu ko littafi a hannuna. Duk fitar da suka yi bayan nan haka na riƙa samun uzuri, har lokacin kaka ya zo, wani ɗan kasuwa ya saye motar.

Yanzu Rabi na Gidan Amumune da 'ya'yanta shida, kuma in na ziyarce ta takan ba su labarin tafiyar, yadda iska ta fizge mata ɗankwali kafin su fita gari. Motata ta yau a rufe take ruf, ba a tambayar kowa inda za a ɗaura komai. Nakan saurari labarin ina murmushi. Babu wanda ya hana ni kujerar nan sai ni.